Sanarwar Allurar Shanu da Na Ƙi Sa wa Muryata

Kun tashi kuna jin ana cewa ni na toshe wa yayanku hanyar aiki, kuma ni na sa shanun dangin mahaifiyata suka mutu. An faɗa a gidan biki, an faɗa a gidan makoki, wasunku ma a makaranta suka fara ji. Ban taɓa tsayawa na ba kowa amsa ba, domin mahaifinku yana raye a lokacin, kuma maganar ta shafi ƙaninsa. Yanzu su biyun duka suna gaban Allah, ni kuma ido ya fara gajiya. Gara ku ji daga wurina yadda abin ya faru, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Kun san na yi aikin koyar da matan aure karatu a nan Gaya shekaru masu yawa. Daga nan ne mutane suka fara kawo mini rubutun sanarwa. Mai biki ya zo, mai cigiya ya zo, ma'aikatan lafiya su zo in rubuta musu abin da za a faɗa a lasifika ranar kasuwa. Da wayoyi suka yawaita, sai aka koma cewa in karanta da bakina a naɗa, a yi ta turawa. Ina jin Fulatanci saboda mahaifiyata, don haka muryata ta shiga rugage har cikin ƙasar Ajingi, kuma in suka ji ni ce sukan yarda. Duk wanda ya zo mini, kafin in ɗauki biro sai na tambaye shi abin da yake so mutum ya tashi ya yi in ya gama ji. Amsar ce ke gaya mini abin da zan sa a gaba da abin da zan bari. Sanarwar rasuwa, lokacin jana'iza ake fara faɗa, domin mai ji sauri yake. Cigiyar saniya, ba a faɗin alamunta duka, ana ɓoye ɗaya saboda maƙaryaci. Maganar awon ciki kuwa ba a fara ta da allura, da lafiyar jariri ake farawa. Na daɗe a kan wannan aiki har na kai in na ji sanarwa a rediyo nakan gane abin da ya fi damun mai ita daga jimlar da ya maimaita.

Shekarar da nake ba ku labari, yayanku, wanda ba na kama sunansa, ya gama makarantar horar da malamai yana zaune babu aiki. Yana fita da safe ya dawo da yamma, takalminsa duk ƙura, ba ya ko son a tambaye shi. Mahaifinku yana shagonsa na hatsi a kasuwa. Baffanku Sani kuma ya samu shiga wurin wani Alhaji na birni, wanda aka ce yana da gidauniyar taimakon talakawa, kuma yana shirin buɗe babbar gona a yankinmu. Baffa Sani shi ne idonsa a nan. Ya sayi sabon babur, ya fara sa hula mai tsada, wayarsa ba ta yin shiru.

Wata rana da hantsi, bazara ta yi nisa ana jiran ruwa, ya yi sallama ya shigo. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta, da shi ya fara.

"Matarmu, yau na kawo miki aikin lada. Alhaji zai yi wa shanun Fulani allura kyauta. Ke za ki rubuta, ke za ki karanta, Hausa da Fulatanci."

Na ce, "Madalla. Allurar wane ciwo?"

"Ciwon shanu mana."

"Shanu ciwonsu da yawa, Sani. Na huhu ne, ko ɓoru mai kama baki da kofato?"

Ya ce in rubuta dukkan cututtuka kawai, zai tambayo sunan daga baya. Na ci gaba da tambaya. Ina za a yi? Ya ce a wani fili wajen Kademi. Su wa ake kira? Ya ce mutanen makiyayar da ke kan iyakarmu da Ajingi, wato rugar Kawu Buba, ƙanin mahaifiyata, da rugagen da ke kewaye da ita. Sai ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya ce akwai maganar da Alhaji ya fi so ta fito. A zo da shanu duka, har maruƙa. Mata su zo a ba su gidan sauro da atamfa, yara su zo a ba su magani, tsofaffi za a aika mota ta ɗauko su. Kada a bar kowa a gida. Ya ce wannan jimlar in sa ta a farko, in kuma rufe da ita.

Na ce, "Tun ina yarinya masu allura ne ke bin shanu har ruga. Me ya sa wannan karon shanu za su bi masu allura har Kademi, da wannan zafin?"

"Filin can ya fi faɗi, kuma masu ɗaukar hoto za su zo daga Kano."

"Tsohuwar da ba ta gani fa? A ba jikarta gidan sauron ta kai mata."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Matar Yaya, ke rubutu aka ce ki yi, ba shari'a ba."

Da ya fita na zauna da takarda a gabana, na kasa farawa. Wanda ke son a yi wa shanu allura, sunan ciwon ne zai fara zuwa bakinsa, domin da shi ake jawo Bafulatani. Wannan bai san ciwon ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya riƙe da ƙarfi shi ne gida ya zama babu kowa. Na gaya wa kaina ƙila son a cika fili ne saboda hoto, masu kuɗi suna son a ga taronsu. Na yi ta neman uzurin da zai kwantar mini da rai. Duk da haka na rubuta sanarwar yadda na saba: ga allura kyauta, ga wuri, ga rana, mai shanu ya kawo shanunsa, macen da ke da hali ta zo ta karɓi gidan sauro. Na tsaya a nan.

Da ya dawo ya karanta, sai ya mayar mini da ita a kan tabarma.

"Ina jimlar?"

"Ba ta da aiki a ciki. Sanarwar allura ce."

"To Alhaji ba zai karɓa ba."

"Sai ka gaya mini aikinta, in na gane in sa."

Bai gaya mini ba. Ya ce zai yi magana da Yayansa, ya fita ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Mahaifinku ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya ɗauko maganar. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya son hayaniya, kun sani. Ya ce Sani ya same shi a shago, kuma Alhaji ya yi alkawarin ɗaukar yaron nan aikin kula da ma'aikata in gonar ta tashi. Ya ce kalma ɗaya ce, ba ƙarya aka ce in yi ba, allurar da gaske za a yi ta.

Na ce, "Malam, a ina gonar take?"

Ya dubi ƙofar ɗaki, ya ce, "Ni ban je ba."

Ba abin da na tambaye shi ke nan ba, kuma na lura. A duk zamanmu ban taɓa zargin mahaifinku da komai ba sai ranar. Na dubi fuskarsa ina neman abin da ya sani, shi kuma ya tashi ya ce zai je masallaci, alhali da sauran lokaci.

Yayanku ne ya ba ni amsar ba tare da ya san ya bayar ba. Washegari na same shi yana goge takalmi, fuskarsa a sake, abin da na daɗe ban gani ba. Ya ce Baffa ya ce ya shirya, za su raka wasu baƙi su ga filin gonar a ɗauki hoto a kai Kano, don a nuna wa masu ba da izini cewa fili ne da babu kowa a ciki. Na tambaye shi ta ina. Ya ce ta wajen Ajingi. Na tambaye shi yaushe. Ya faɗi ranar, kuma ita ce ranar allura. Ni na san wannan yanki tun ana goya ni. Daga garin Balan har ka shiga ƙasar Ajingi babu wani faffaɗan fili da ba gonar wani ba, in ban da makiyayar nan.

Na ce masa, "Ka tambayi Baffanka ko filin yana da suna?"

Ya ɗago kai ya ce, "Umma, don Allah kada ki ɓata mini wannan."

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji. Ba ni da hujja a hannu. Ban ga takarda ba, ban ji Alhaji da kunnena ba, ban ma taɓa ganinsa ba. Abin da nake da shi jimla ɗaya ce da aka nace a kanta, da rana ɗaya da ta haɗa abubuwa biyu. A gefe guda kuma ga ɗana da ya fara murmushi. Na yi ta auna abin ina aikin gida, har tuwo ya kama mini a tukunya. Abin da na kasa tsallakewa shi ne muryar. Da wani ne zai karanta, da sun yi tambaya. Ni aka zaɓa saboda in sun ji ni ba za su tambaya ba. Na aika wa Sani cewa ya nemi wani. Sannan na gaya wa mahaifinku zan je gaida Kawu. Ya san abin da zai kai ni, bai hana ni ba, bai kuma ce a dawo lafiya ba.

Na hau adaidaita zuwa inda hanya ta ƙare, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Na tarar da Kawu Buba a ƙarƙashin tsamiya yana tufka igiya. Bayan gaisuwa na gaya masa duk abin da na gaya muku, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce masa zato nake, ban tabbatar ba. Ya daɗe yana kallona.

"Allurar gaskiya ce?"

"Ina jin gaskiya ce, Kawu."

"To ke wa ya aiko ki?"

"Babu kowa."

"Ƙanin mijinki ne. Ɗanki zai samu aiki. Mace ba ta barin wannan ta hau babur ta zo daji haka kawai. Ko dai kun saɓa a kan rabo ne?"

Ban ji haushi ba. Mutanen da aka sha yi wa alkawari ana cin burtalinsu, dole su tambayi kowa, har 'yar 'yar'uwarsu. Na ce masa shawarata ita ce a kai shanu a yi musu allura, samari su kora su, amma mata da tsofaffi da yara su zauna, a hura wuta a kowace bukka, a bar wasu maruƙa a turke. Ya ce ya ji, zai tara mutane.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne yadda magana ke canzawa in ta bar bakin mai ita. Ni na ce ina zargin ranar. Kafin ta kai ruga ta uku, ta koma Malama ta ce allurar guba ce. A wata rugar aka ce za ta hana shanu haihuwa, a wata aka ce za a kama magidanta a filin. Da labari ya dawo mini na naɗi murya na tura, na ce ban ce allura tana da illa ba, a kai shanu. Sai aka ce ai mijinta ne ya tsare ta ya sa ta faɗa. Ita kuma sanarwar Sani, wani mai shagon kwamfuta ya rubuta masa, wani mutum ya karanta a lasifika, da jimlar a farko da ƙarshe kamar yadda ya so. Duk wanda ya ji, sai ya tambaya me ya sa ba muryar Malama ba ce.

Ranar ta zo. A Kademi an kafa rumfuna, an kawo likitocin dabbobi, an jibge gidajen sauro. Manoman kusa suka kawo shanun huɗarsu da awaki aka yi musu. Daga makiyaya babu wanda ya je. A can rugagen kuwa, kamar yadda Kawu ya ba ni labari daga baya, da rana ta ɗaga sai ga motoci biyu, ɗaya ɗauke da turakun siminti, da wasu mutane masu na'urar hoto mai tashi sama. Suka tarar da mata na daka, yara na wasa, shanu kwance ko'ina. Suka tsaya daga nesa, suka yi ta waya, suka juya. Yayanku yana cikin motar baya. Kawu ya gan shi, shi ma ya ga Kawu, babu wanda ya ɗaga wa wani hannu.

Sani ya zo gidan nan da yamma, bai shigo ba, daga soro ya tsaya yana magana yadda maƙwabta za su ji. Ya ce turakun na rijiyar burtsatse ne, Alhaji ya so ya yi wa Fulani kyautar ruwa su dawo su tarar, ni kuma na mayar da alheri sharri. Ya ce Alhaji ya janye hannunsa daga Gaya gaba ɗaya, kuma aikin yaro ya tafi. Na ce masa daga cikin gida, in rijiya ce me ya hana su kafa turakun a gaban masu shan ruwan. Ya ce ba zai yi musu da mace ba. Daga ranar bai sake taka gidan nan ba sai da Malam ya kwanta ciwo. Yayanku ya haɗa kayansa ya tafi Kano ya kama tuƙin adaidaita. In ya kira waya, da mahaifinsa yake magana, ni sai dai a ce yana gaishe ni.

Da damina ta zauna, ciwon huhu ya shiga makiyaya. Shanu suka riƙa tari suna ramewa, suna faɗuwa. Kawu ya rasa wajen rabin garkensa, wasu sun rasa fiye da haka. Na je jaje. Matar Kawu, Goggo Dije, ta karɓe ni a tsaye, ta ce da na yi shiru da shanunsu na nan. Na so in ce mata babu wanda ya san ko allurar ta wannan ciwon ce, tunda mai kiran ma bai sani ba. Na so in tuna mata na ce a kai shanu. Amma ga fatu a shanye a bayan bukkarta, sai na ba ta haƙuri na dawo. A gari kuma maganar Sani ce ta zauna, domin ta fi sauƙin faɗa: an kawo taimako, Malama ta kore shi. Masu kawo mini rubutu suka ragu. Ma'aikatan lafiya ma suka koma wurin wata, suka ce muryata ta zama abin gardama.

Bayan wasu shekaru na ji an kewaye wani babban fili da waya a wata ƙaramar hukuma, inda da akwai rugage, kuma an ce na Alhajin ne. Ban je na gani ba, don haka ba zan rantse a kai ba. Ko a lokacin ban samu natsuwa ba. Wani lokaci nakan ce na yi daidai, wani lokaci in tuna tarin shanun nan in ce ƙila rijiya ce da gaske. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifinku. Muna ci tare, muna hira, bai taɓa yi mini gori ba, amma duk sanda maganar ta matso sai ya tashi. Na zauna da shi shekaru ina son in tambaye shi, ina tsoron amsar.

Sai a ciwonsa na ƙarshe. Kun tuna mukan fito da shi inuwar darbejiya da rana saboda zafin ɗaki. Wata rana muna mu biyu, ina yi masa fifita, na ce, "Malam, ka san inda gonar nan take?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Na sani. Sani ya gaya mini tun farko."

"Mutanen fa?"

"Ban tambaye shi yadda za a yi da su ba. Na san in na tambaya zai faɗa mini, ni kuma ina son yaron nan ya samu aiki." Ya ja numfashi, sannan ya ce, "Ke kika tambaya. Na bar ki da maganar mutane ke kaɗai, Rabi. Ki yafe mini."

Na ce na yafe, kuma da gaske na yafe. Ban gaya wa kowa ba sai yau, kuma ban rubuta shi don ku rage masa daraja ba. Uba ne da ya ga ɗansa yana lalacewa a zaune. Baffanku ma kada wanda ya ƙi 'ya'yansa saboda wannan, ba su san komai ba.

A kwanakin ciwon nan abinci ya daina shigar wa mahaifinku, ya ce kindirmo yake so, na ruga, ba na kasuwa ba. Yayanku ya zo daga Kano jinya, shi kaɗai ne mai abin hawa a gidan. Na yi ta tunanin yadda zan roƙe shi, sai mahaifinku ya kira shi da kansa ya ce ya je wurin Kawu Buba. Ya ɗauki makulli ya fita. Ya daɗe bai dawo ba, har na fara zaton ya fasa. Can sai ga shi da ƙwarya a rufe da faifai, rigarsa duk gashin maruƙa. Ya durƙusa ya ba mahaifinsa, ya ɗan kurɓa. Sannan ya juyo wurina, ya zauna a bakin tabarmata, abin da rabonsa da yi tun kafin ya tafi Kano.

Ya ce, "Umma, mutanen rugar suna nan da yawa. Har makarantar allo sun yi. Goggo Dije ta ce a gaishe ki, ta ce yaushe za ki zo."